Hanta Sukutum

Chennai, 9 ga Agusta

Zuwa ga Citti Sornam, 'yar'uwar Innata,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina taɓa ƙafafunki daga nan. Ni lafiyata ƙalau. Maigidana Isakki kuwa, ga shi na rubuta sunan, yana nan yadda yake. Yaya gwiwarki, yaya kunnuwan? Na so in kira ki a waya, sai na tuna ranar da nake gaya miki rasuwar Innata kina ta amsa min da "to, madalla". Shi ya sa na sayi takarda. Ni ce dai Kanagam 'yar Ponnamma, jikar wan babanki, idan kin manta rubutuna.

Wata biyar ke nan muna Chennai. Mun kama ɗaki a wani layi bayan asibiti, inda kusan kowace ƙofa akwai mai jira a bayanta. Hantarsa ta ƙare, Citti, haka likita ta faɗa ba kwana-kwana. Cikinsa yana tara ruwa, duk bayan kwana goma sai sun sa allura sun zuƙe. Mutumin da yake hawa giginya talatin kafin rana ta yi zafi, yanzu sai na riƙe shi yake zuwa bayan gida. An auna ni ko zan ba shi ɓangaren tawa, aka ce ni 'yar mitsitsiya ce shi ƙato, abin da za a yanka daga jikina ba zai riƙe shi ba. Saboda haka sunansa yana cikin jerin masu jiran hantar wanda ya mutu. Kullum a tagar asibiti sai an tambaye ni sunan mara lafiya. Shekara sha tara da aure ban taɓa furta sunan nan ba, yanzu ina faɗa wa baƙi sau uku kafin tsakar rana, kuma ba na jin komai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya babbar likitar ta zaunar da mu, ta zana hanta a bayan takarda, ta ja layi a kai. Ta ce idan aka sami hantar matashi mai lafiya ba sa sa wa mutum ɗaya ita duka. Rabawa suke yi biyu, babban ɓangaren ga babba, ƙaramin ga jariri, kuma kowanne yana girma a cikin wanda ya samu har ya cika wurinsa. Ta ce masu jira sun fi hantocin yawa nesa ba kusa ba. Ba ta ɓoye mana ba, aikin ya ɗan fi wuya, wani lokaci wajen yankan yana yoyo, amma mutane suna tashi su koma gidajensu. Sai ta miƙo takarda. Wanda ya sa hannu ya yarda da rababbiya. Wanda bai sa ba za a tsallake shi duk ranar da irinta ta zo, ya ci gaba da jiran wadda ba a rabawa. Shi ne na uku a jerin masu irin jininsa.

Ko biron bai taɓa ba. Ya ce, "Likita, ni ne wanda Madan, abin bautar gidanmu, yake hawa a zuriyarmu. Shekara ashirin da biyu ana yanka bunsuru a bikinsa, a gasa hantar, a ɗora min a kan ganyen ayaba sukutum, wuƙa ba ta taɓa ta ba. Haka aka ɗora wa ubana. Yanzu ki ce in koma in yi rawa a gabansa da guntu a cikina?"

Likitar ta ce, "Ayya, wannan fa ba ta bunsuru ba ce."

Ya ce, "Shi ya sa ma."

Muka fito. A hanya ya tsaya hutawa sau huɗu. Ban yi masa magana ba, domin na san ba tawa zai ji ba. Ke kaɗai kika rage cikin manyan gidan, kuma ke kaɗai kike yi masa tsawa ya sunkuyar da kai. Ki rubuto masa ya sa hannu. Ni ban san ko daidai ne ko ba daidai ba, na dai san zoben aurensa yanzu a babban yatsa yake zama.

'Yarki,
Kanagam

Hut Bay, tsibirin Ƙaramin Andaman, 21 ga Agusta

'Yata Kanagam, da kai Isakki,

Albarkata tana tare da ku. Takardarki ta iso a jirgin ruwan Talata. Gwiwa tana nan tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kunne kuwa ya huta da surutun duniya. Har yanzu ni ce nake dafa wa yaran makaranta abincin rana, baki ɗari da goma, kuma har yau ba a sami wanda ya ce gishiri ya yi daidai ba. Ba zan manta rubutunki ba, ai ni na riƙe miki hannu kika fara yin sa, shekarar da na zo gida ganin Innarki.

Na karanta sau biyu, na biyun da tabarau. Ke dai tun kina ƙarama duk wanda ya sa fararen kaya ya yi miki magana a hankali sai ki hau gyaɗa kai. Tambaye su mana, masu zuwa asibitin a mota mai sanyi, su ma guntu ake ba su? Shekara arba'in ina riƙe da ludayi, na san abin da ake yi idan tukunya ta gaza. Wanda ba shi da baki shi ake gaya wa wai rabi ya fi sauƙin narkewa. Sun ga mai hawa giginya da matarsa mai saurin yarda, sun ce ga waɗanda za a gwada wuƙa a kansu.

Isakki, wannan naka ne, ta karanta maka da ƙarfi. Ka yi daidai. Kai ba gama-gari ba ne. Na ga kakanka Sudalaimuttu yana rawa da toka a jiki, ƙasa tana amsawa. Na ga ubanka. Kai ne ban gani ba, teku ta hana ni, amma an gaya min idan Madan ya hau ka har maza suna ja da baya. Ba a kai masa yankakke, kai ma kada ka karɓa. Ka jira taka sukutum, tana nan tafe. Na yi alkawarin aske kaina ƙwal a wurin bauta na Tiruccendur ranar da ka tashi, kuma ka san gashin nan shi kaɗai ya rage min na ado.

Ke kuma Kanagam ki daina tsaya masa a ka da fuskar makoki. Mara lafiya fuskar mai jinya yake karantawa. Ki ci abinci, rubutunki ma ya rame.

Cittinku,
Sornam

Chennai, 18 ga Satumba

Citti,

Ina gaishe ki. Ina lafiya. Shi kuma an zuƙe masa ruwa sau uku tun takardarki.

Na karanta masa da ƙarfi kamar yadda kika ce. Ya sa na maimaita wajen da maza suke ja da baya. Daga nan ya karɓe ta ya ninke ya sa ƙarƙashin matashi, ya ce, "Kin ji ko? Kurma ma ta fi ki ji." Rabon da in ga haƙoransa tun muna gida.

Na yi tambayar da kika ce. Sista Rejina, wadda take riƙe da jerin masu jira, ita na tambaya. Ba ta ji haushi ba. Ta ja ni ta nuna min wani mutum yana zagaya baranda da sanda, ta ce injinan casar shinkafa biyu gare shi, kuma rababbiya aka sa masa, ɗayan ɓangaren yana cikin wani jariri a Madurai. Na dawo na gaya wa maigida. Ya ce, "Shi wa yake hawansa?" Maganar ta tsaya a nan.

Ban gaya miki labarin maƙwabtanmu ba. A ɗakin da yake manne da namu akwai Jarina, 'yar Vaniyambadi, mijinta majemi ne, sai Lahadi yake zuwa. 'Yarsu Afrin wata tara gare ta. An haife ta hanyar ɗacin hantarta a toshe. Rawaya ce kamar kurkum har cikin ido, ciki a kumbure, ƙafafu kamar tsinke. Ƙaiƙayi yana damun ta, sai an sa mata safa a hannu don kada ta yage fatarta. Uwar tana da ciwon suga, jinin uban bai dace ba, saboda haka Afrin ma jira take. Jininta irin na maigida ne. Idan Jarina za ta yi wanka ni nake riƙe ta. Ba ta da ƙarfin kuka sosai, amma tun cokali yana nesa take buɗe baki.

Shi ma yana son ta. Yana barin ta ta ja masa gashin baki da hannunta mai safa, yana ce mata "tsohuwa". Jarina ta san da zancen takardar, layin nan ba a ɓoye komai, amma ba ta taɓa yi masa maganar ba. Akka take ce min, ta mai da ni yayarta. Rannan muna shanya ta ce, "Akka, kada ki takura masa saboda mu. Sista ta ce ko ya ƙi, wani zai yarda, Afrin za ta samu in Allah ya so." Na ce ba saboda su ba ne. Ta ce ta sani, ta ci gaba da matse zani.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, zan gaya miki tunda ba za ki ji muryata ba. Wani lokaci dafin da hantar ta kasa tacewa yana hawa masa ka. Sai ya daina gane ni, ya riƙa kira na da sunan Innarsa. A irin wannan hali hannuna likitoci suke karɓa a kan kowace takarda. Akwai wani magani mai zaƙi a kwalba, sau uku a rana, shi yake wanke masa kai. Idan na fasa ba shi kwana biyu, zai rikice, kuma ni zan zama mai sa hannu. Shekaranjiya na tsaya da kwalbar a hannu har shinkafa ta kama a wuta. Daga baya na zuba a cokali na ba shi. Ban san ko tsoron Madan ne ko sabo ne kawai ba.

Yanzu shi ne na farko a jeri. Na gabansa ɗaya ya samu, ɗayan an tafi da shi gida a naɗe.

'Yarki,
Kanagam

Hut Bay, 6 ga Oktoba

Kanagam,

Gaisuwa daga baya. Ki zauna ki karanta wannan, sannan ki tashe shi ko barci yake.

Na yi kuskure. Jiya maƙwabtana suka yanka bunsuru don hujin kunnen jikarsu, suka aiko min da gasasshiyar hanta a ganye. Takardarki tana kan cinyata, ina daidai wajen yarinyar nan da take buɗe baki tun cokali yana nesa. Ƙanshin ya bugi hancina, na kai loma, ta ƙona min harshe. Sai ga ni ina 'yar shekara biyar a gaban ɗakin Madan, da sabon siket mai ƙaiƙayi.

Ga abin da na gani ranar, kuma na rantse da kan ubana. An kawo wa kakanku Sudalaimuttu hantar sukutum a kan ganyen ayaba, wannan gaskiya ne. Yana ta karkarwa, toka tana zuba daga kafaɗarsa. Sai ya zaro 'yar wuƙa daga ƙugunsa, ya yanka ta da hannunsa. Ya ɗaga kai ya yi ruri, "Wa ye ƙarami a gidan nan?" Aka turo ni gaba ina tirjewa. Ya sa min yankan farko a baki, da zafinsa, har na yi kuka mutane suka yi dariya. Bayan ni ya ba masu ciki, ya ba tsofaffi. Shi ne na ƙarshe, kuma abin da ya rage masa bai fi ɗan yatsa ba. Ana kawo ta sukutum ne don kada wani hannu ya raba ta sai nasa. Ba don ya cinye ba ne.

Uban Isakki ne ya canza. Da rawar ta dawo hannunsa sai ya riƙa ɗaukar ganyen ya zagaya bayan ɗakin da tulun bammi, ya fito yana goge baki. Ba mai iya yi masa magana, kin san zuciyarsa. Innarki ta sani, amma har ta mutu ba ta taɓa faɗin laifin wanta ba. Ni kuma aka yi min aure aka sa ni a jirgi ina sha biyar. Isakki ya buɗe ido ya tarar da haka, ya ɗauka haka aka gada. Ni da ya kamata in gyara sai na ƙara masa ƙarfi. Na gaya muku abin da na gani da girmana, na manta abin da na ci ina ƙarama.

Isakki, ɗan ɗan'uwana, ka ji ni da kyau. Wanda Madan yake hawa ba ya tashi da hanta shi kaɗai alhali ƙaramin gida yana kallo. Kakanka da kansa zai miƙa wa likitar nan wuƙa. Ka yaga takardata ta farko, tsohuwa ce ta yi surutu da zafin kai. Ka sa hannu yau. Idan ka koma gida da ɓangare a cikinka, ɗayan yana cikin yarinyar nan, ba a taɓa yin mai rawa irinka ba tun Sudalaimuttu.

Kanagam, maganin kwalbar nan ki ci gaba da ba shi, kada ki fasa ko cokali ɗaya. Da hankalinsa zai sa hannu, ki bar ni da shi.

Sama ta haɗe tun safe, ana ta cewa guguwa tana tafe. Na roƙi shugaban makaranta ya kira ki ya karanta miki wannan, ya ce waya ta ɗauke tun jiya. Zan kai ta da ƙafata don jirgin Alhamis.

Sornam

Chennai, 23 ga Oktoba

Citti,

Ina gaishe ki. Ban ga amsarki ba, wata guda da kwana biyar. Mun ji an yi guguwa a wajenku, ina fata rufin ɗakinki ya tsaya. Ina lafiya.

Ranar Litinin da tsakar rana ina wanki waya ta yi ƙara. Sista Rejina ce. Wani saurayi ɗan shekara ashirin da biyu ya faɗi da babur a hanyar Vellore, ƙwaƙwalwarsa ta mutu, iyayensa sun yarda a ba da abin da zai amfani wasu. Za a raba hantar. Ƙaramin na Afrin ne. Babban na maigida ne idan ya sa hannu cikin awa ɗaya.

Ba ta tsaya a waya ba, ta tako har ɗakinmu da takardar da biro, gumi ya jiƙe mata baya. Ta bango ina jin Jarina tana zuba kaya a jaka, cokula suna faɗuwa.

Ranar kansa garau yake. Da safe na ba shi maganin, cokali biyu, har na goge masa baki. Ya tashi zaune da kansa, ya saurari Sista har ta gama. Sannan ya ce, "Idan ban sa ba, tsohuwar tawa za ta rasa?"

Ta ce, "A'a. Ita za ta samu. Babban ne zai wuce ga na bayanka."

Ya ce, "To shi ke nan. Ban cuci kowa ba."

Na ce, "Ni fa?"

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro takardarki, ta yi laushi saboda ninki, ya ɗora a kan cikinsa. Ya ce wa Sista, "Babbar gidanmu ta yi magana."

Sista ta ce, "Ayya, babbar gidanku ba ta ga gwajin jininka na makon nan ba. Ni na gani. Ba na jin kana da wata biyu."

Ya ce, "Tawa tana tafe."

Na durƙusa a bakin tabarmar. Na kalli idonsa na kira cikakken sunansa, na ce, "Isakkimuttu, ka sa hannu." Karo na farko ke nan da ya ji sunansa daga bakina. Ya dube ni ya yi ta dubana, sai ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Kai, Chennai ta lalata ki."

Sista ta jira minti goma a bakin ƙofa, tana duba agogo, sannan ta tafi. Babban ɓangaren ya wuce ga wata malamar makaranta daga Salem.

Da su Jarina za su fita, ya ce a kawo masa Afrin. Ya shafa mata toka a goshi daga 'yar jakarsa, Jarina ba ta hana ba. Ni na ɗaukar musu jaka zuwa asibiti, na zauna da ita a benci har aka fito aka ce aiki ya yi kyau. Ta rungume ni tana kuka, ina ta bubbuga mata baya, ina tunanin na bar wanki a bokiti. Na dawo na dama masa kunun shinkafa ba gishiri, ya sha rabin kofi. Wankin ya yi tsami, sai da na sake shi.

Ba na fushi da ke, Citti, ba na fushi da shi. Na duba cikina ban sami komai ba. Har yanzu shi ne na farko a jeri.

'Yarki,
Kanagam

Hut Bay, 29 ga Oktoba

Kanagam,

Jirgi bai zo ba mako uku, guguwa ta karya wajen tsayawarsa. Yau na je na tarar takardata ta shida ga wata tana nan cikin buhu, ko motsa ta ba a yi ba. Na zauna a kan buhun. Waya har yanzu shiru. An ce gobe jirgi zai tashi. Ki fara karanta waccan. Ya sa hannu, ki ce ni na ce, ki ce ina roƙonsa. Ki rubuto min ko layi ɗaya ne.

Sornam

Gida, 19 ga Nuwamba

Citti,

Ina gaishe ki, ina taɓa ƙafafunki. Ina lafiya. Ina fata takardata ta Oktoba ta same ki, don kada in sake ba da labarin.

Ya rasu ranar ɗaya ga wata da hantsi. Ya yi aman jini a kwanon da nake wanke masa fuska, kafin a kai shi ƙofar asibiti ya tafi. Da hankalinsa. Mun kawo shi gida, an binne shi a gindin giginyoyinsa. Takardarki ta farko ta tafi tare da shi, tana aljihun rigarsa, ban cire ba.

Naki biyun sun isa Chennai ranar shida. Jarina ta karɓa, ta ba mijinta ya aiko. Sun same ni ranar cika kwana sha shida da rasuwarsa, bayan mata sun cire min zaren aure daga wuya sun fasa min awarwaro. Na bari sai da baƙi suka watse. Na fara da ta shida ga Oktoba kamar yadda kika ce. Na zauna a gaban hotonsa na karanta masa da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, na maimaita wajen da kika ce ba a taɓa yin mai rawa irinsa ba, domin na san nan zai ce a maimaita. Daga nan na lissafa kwanakin. Da jirgin Alhamis ya tashi, da ta iso kwana biyar kafin wayar Sista. Na lissafa sau ɗaya, ban sake ba.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke kin rubuta takarda, ni na ba da cokali biyu, shi ya ƙi biro. Ban san na wa ya fi nauyi ba, kuma ba ni da ƙarfin aunawa. Mutane suna cewa in yi kuka in huta. Ina zama in jira kukan, ba ya zuwa, sai in tashi in share tsakar gida. Kwalbar maganin tana nan a kan taga da saura a ciki. Gashinki kuma ki bar abinki.

Jarina ta sa 'yar takarda a ciki. Ta ce farin idon Afrin ya dawo fari, an cire mata safar hannu, kuma ta ciji likita. Malamar Salem ma tana takawa. Ta ce idan yarinyar ta yi ƙwari za su kawo min ita in gani. Na ce su zo.

Yanzu ga abin da nake so. Maza sun fara zama a kan wa Madan zai hau a bikin Afrilu, tunda ba mu haihu ba. Suna ganin zai sauka a kan Velu, ɗan ƙanin babansa. Shekaranjiya na tsaya a bakin rumfar na gaya musu abin da kika rubuto. Velu ya ce, "Haba, matar yaya, tsohuwar da ba ta ji ita za ta koya mana bikin gidanmu daga tsakiyar teku?" Suka yi dariya. Wani tsoho a gefe bai yi ba, ya ce kamar ya taɓa jin wani abu haka. Na dawo ciki.

Ki rubuto min duka, dalla-dalla, da hannunki, yadda ba za su ce ni na ƙirƙira ba. Wace irin wuƙa ce, ta ina ake fara yankawa, girman yankan farko, kalmomin da yake faɗa, wa yake bin wa. Idan ƙaramin bai da haƙori, yaya ake yi? Kuma dole ne sai ɗan gidan, ko wanda ya zo baƙunta ma ana lissafa shi? Zan tsaya a gaban ganyen ayabar da takardarki a hannu, ko sun so ko sun ƙi. Ba ni da wani aiki yanzu.

Ki rubuta a hankali, ki sa tabarau. Babu sauri, Citti. Ko jirgin ya makara ba komai.

'Yarki,
Kanagam